Ramuka Biyar a Bayan Soron Littattafai

Ba zan taɓa mantawa da ramuka biyar ɗin nan ba, ko da zan manta sunayen jikokina (kuma na fara manta wasu). Zan faɗi labarin bi da bi, domin ni ba na son zance a hargitse. Wanda dariya ta kama ba zan hana shi ba, amma ya bari sai na kai ƙarshe.

Da farko a san ko ni wane ne. Manomi ne ni, daga wani ƙauye gabas da Gozaki. Karatuna bai yi nisa ba. Na sauke Alƙur'ani, na karanta ƙananan littattafai biyu na tsarki da salla a gaban limamin garinmu, shi ke nan. Abin da Allah ya hore mini shi ne tsari. A gidana kowa ya san inda fartanya take kwana. Rumbuna kuwa, in na ga rami a jikinsa da hantsi, kafin azahar na toshe shi, domin ɓera da gara ba sa neman izini. Ɗakunanmu duk na jinka ne. Ruwa ya sauka a kan ciyawa ya gangare ƙasa, babu wanda ya taɓa tambayar ta ina zai bi.

Shekarar da na haura talatin, bayan an gama shigar da dawa, liman ya rubuta mini takarda zuwa ga malaminsa a birnin Zariya, ya ce in je in ci rani a kan karatu. A shekarun nan mutum ba ya bin hanya shi kaɗai saboda mahara, don haka na jira ayarin fataken Dayi masu kai auduga. Kwananmu huɗu a hanya.

Na biyu, a san wurin. Ni na zaci gida zan tarar, mai zaure ɗaya da malami ɗaya. Ashe unguwa ce guda a cikin birni, an kewaye ta da katanga. In ka shiga ƙofa, fili ne mai ceɗiya uku. Hannun dama zauren masu fiƙihu. Gaba da shi zauren masu nahawu, inda ake gardama tun safe har makogwaro ya bushe. Sai rijiya. Sai zauren tafsiri, sai wani ɗan ƙarami na masu lissafin rabon gado, waɗanda ba sa amsa gaisuwa da wuri. Bayan masallaci akwai layin ɗakunan ɗalibai, manya masu gemu, daga Borno, daga Nufe, daga Agadas, har da wasu da ban taɓa jin sunan ƙasarsu ba. Kwana uku ina ɓata tsakanin rijiya da ɗakina, sai da na haddace hanyar da ƙirga bishiya. Ginin duka soraye ne, masu shimfiɗaɗɗen rufi na ƙasa. Na taɓa ganin soro a Gozaki, amma ban taɓa kwana a ƙarƙashinsa ba, balle in hau samansa.

A tsakiyar wannan duka soron littattafai yake. Ya fi kowane gini tsawo, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu, ƙofarsa ɗaya ce ƙarama wadda sai ka sunkuya. Mai riƙe da mabuɗinsa wani siririn dattijo ne, Malam Sambo, wanda in ka tsaya kusa da ƙofar sai ya dube ka kamar ka zo da wuta a hannu. Sau ɗaya na leƙa ciki. Littattafai ne na rubutun hannu, kowane a cikin gafakarsa ta fata, wasu a rataye, wasu a jere a kan dakali har kusa da rufi. An ce akwai waɗanda babu irinsu ko'ina. Kuma duk wanda ya taɓa wanke allo ya san abin da ruwa yake yi wa tawada.

Na uku, a san halin da nake ciki. Tsoro nake ji, tun ranar da na shiga. Ina tsoron Malam Babba, shugaban makarantar, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, amma in ya gifta har kaji suna yin shiru. Ina tsoron buɗe baki a gaban mutanen da suke faɗa da Larabci. Sau ɗaya na yi tambaya a zauren fiƙihu, aka yi dariyar da har yau ban san dalilinta ba, daga ranar na ɗinke bakina. Wanda kawai nake magana da shi abokin ɗakina ne, Malam Ndagi, Banufe. Kowa ya san wasan da ke tsakaninmu Katsinawa da Nufawa, shi kuwa bai bar ni na huta ba ko rana ɗaya.

"Bakatsine, yau ma ka jera takalmanka fuskar gabas? Su ma salla za su yi?"

Al'adar wurin ita ce kowane ɗalibi da aikinsa. Wani jan ruwa, wani faskare. Ni aka ba ni sharar kewayen soron littattafai. Gabansa fili ne, bayansa kuwa wani matsattsen lungu ne tsakaninsa da katanga, babu mai shiga sai ni da ƙadangaru.

A wannan lungun ne, wajen ƙarshen rani, na ɗaga kai wata safiya na ga ramuka. Can sama suke, dab da ƙarshen bango, guda biyar a jere, kowane zai ɗauki kan mutum. Tantabaru suna shiga suna fita. Na tsaya da tsintsiya a hannu na yi tunani kamar yadda na saba. Na ɗaya, wannan rumbu ne, sai dai na littattafai. Na biyu, inda tantabara ta shiga ɓera zai shiga. Na uku, duk malaman nan kansu yana cikin takarda, babu mai ɗaga ido ya duba bango. Na huɗu, Allah ne ya kawo manomi wurin nan don wannan rana.

(Za a ce me ya sa ban tambaya ba. Dalili biyu ne. Ina tsoron a sake yi mini dariya. Kuma limaminmu ya koya mana cewa aikin alheri a ɓoye ya fi lada. Na haɗa tsoro da son lada, na sa musu suna tawali'u.)

Ranar Alhamis ba a karatu, makaranta takan watse, wasu kasuwa, wasu wanki a rafi. Na ɗauko tsanin da ke jingine a bayan masallaci. Na haƙo jar ƙasa mai kyau, na tankaɗe ta. Na yanka ciyawa ƙanana, na samo kashin doki, na kwaɓa da ƙafa har sai da ta yi danƙo. Na jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, wadda in ka shafe yaɓe da ruwanta ba ya shan ruwa. Ban yi aikin ganin ido ba. Kowane rami sai da na auna nisansa daga na kusa da shi, don in san yawan ƙasar da zan ɗauko, na cusa duwatsu har ciki, na bi da ƙasa, na daddanna, na shafe, na goge da dutse mai santsi. Da na sauko na koma baya na duba, ni kaina ban gane inda ramukan suke ba. Bango ya zama sumul.

Malam Ndagi ya ga ƙafafuna da yamma ya ce, "Kai kuma daga ina? An turo ka neman ilimi ka koma kwaɓa? Wane ne ya ɗauke ka lebura?"

Na ce, "Ba kowane aiki ake faɗa ba."

"Oho. Waliyyin Gozaki."

Kwana goma sha biyu na yi ina tafiya kamar mai sabuwar riga a ƙarƙashin tsohuwa. In na wuce masu nahawu sai in ce a raina, ku yi ta gardama, littattafan da kuke taƙama da su ni na tsare muku.

Ranar Talata da hantsi ina shara a gaban soron, zafi ya tsananta, ko ganye ba ya motsi. Malam Sambo yana zaune a ƙofa, sai ga maginin makarantar, wani tsoho mai faɗin kafaɗa da kowa ke kira Baba Magini, ya zo wucewa.

Malam Sambo ya ce, "Baba, zafin nan ba na banza ba ne. Indararon soro har yanzu shiru."

"Malam, kwantar da hankalinka. Tsofaffin sun ruɓe, shi ya sa na zare su. Sababbin suna wurin masassaƙi, jibi zan kafa. Ko yau aka yi ruwa, kafofin nan biyar na baya a buɗe suke, ta nan zai zubo. Bango zai ɗan zaizaye, amma rufi ba zai riƙe ko ƙwarya ɗaya ba."

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Na san indararo, itacen da ke leƙowa daga saman soro yana zubar da ruwa. Abin da ban taɓa gani ba shi ne mazauninsa in an zare shi. Biyar, ya ce. Na baya, ya ce.

Na lallaɓa ɗaki. Malam Ndagi yana fere alƙalami. Na gyara murya na ce, "Malam, wata tambaya ce ta zo mini. Soro, in ruwa ya sauka a kansa bai sami hanyar fita ba, me yake faruwa?"

Bai ko ɗago ba. "Ya zama tafki. Ƙasar rufi ta sha ta ƙoshi, ta yi nauyi, azara ta karye, a kawo fartanya a tono mai ɗakin. Me ya faru, za ka gina wa uwargida ne?"

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in koma wurin Malam Sambo a lokacin nan in faɗa masa. Taku arba'in ne tsakaninmu. Amma na tuna idonsa, na tuna shirun Malam Babba, na ga kaina ana raka ni ƙofar gari da buzuna a kafaɗa. Sai na zauna na tsara wata hanya. Na ɗaya, in yi shiru yau da gobe. Na biyu, Alhamis da asuba in riga Baba Magini zuwa lungu. Na uku, in fasa abin da na toshe, in share wurin. Na huɗu, in mutu da maganar a cikina. Tsarin ya yi kyau ƙwarai. Abu ɗaya kawai na bari a waje, wato sama.

Daga hantsi zuwa azahar na fita duba gabas ya fi sau goma. Na leƙa bayan masallaci ko zan saci jiki da tsani, na tarar Baba Magini yana kansa yana gyaran wani bango. A sallar azahar, ni manomi ɗan manomi, wanda duk shekara yake sahun gaba wajen roƙon ruwa, na sa goshi a ƙasa na roƙi Allah ya riƙe ruwansa kwana biyu. Muna sallamewa iska ta kaɗa tabarmar ƙofa. Na fito na duba. Gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har tsakiyar sama.

Muna zauren fiƙihu aka fara. Ba yayyafi ba ne, ruwan farko ne irin wanda ya daɗe yana jira. Malamin yana ta bayani, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ina zaune kusa da ƙofa ina kallon sauran gine-gine, kowane indararo yana feshi kamar bakin tulu. Soron littattafai kaɗai yake tsaye shiru, yana shan duk abin da aka zuba masa. Kowace tsawa sai in ji kamar sunana ta kira. Na ce a raina yanzu zai tsaya. Na ƙirga ɗari. Na sake ƙirga ɗari. Ruwa ya ƙaru.

Sai ga Malam Sambo a guje a tsakiyar fili, babu hula, babu takalmi, yana ihu, "Jama'a! Soro yana zuba! Soro yana zuba a kan littattafai!"

Makaranta gaba ɗaya ta fito cikin ruwa. Na bi su, domin zama ni kaɗai zai fi tona ni. A ƙofar soron na hango ciki ta tsakanin kafaɗu. Rufin ya yi wani baƙin tabo mai faɗin tabarma, ruwa yana ɗiga ta wuri uku, an tara ƙore. Wasu suka ce a kwashe littattafan. A kai su ina? Fili ya zama kogi, ƙofa ta mutum ɗaya ce, kafin ka kai zaure mafi kusa takarda ta zama fara fat. Malam Babba ya iso, rawaninsa yana ɗiga, ya dubi rufin sau ɗaya ya ce mutum biyu kawai za su tsaya ciki su rufa buzaye a kan dakali, saura kowa ya fita, kada ƙasa ta rufta da rai. Sannan ya ce, "Ina Baba? A duba baya."

Muka cika lungun nan da ban taɓa ganin mutum biyu a cikinsa ba. Baba Magini ya hau tsani yana shafa bango da tafin hannu. Ya sauko, ya matsa da tsanin, ya sake hawa.

"Babu!" ya yi ihu. "Wallahi babu! Da hannuna na bar su a buɗe, yanzu bango sumul kamar ba a taɓa huda shi ba!"

Wani ya ce a hau sama a buɗe ta ciki. Baba ya ce duk wanda ya taka rufin nan yanzu da shi zai sauka. Aka miƙa masa dagi, ya soki inda yake zato, ya tarar da tsohon bango mai kamu biyu. Ya soki wani wuri, haka. Ruwa ya jiƙa ginin ya zama launi ɗaya, aikina kuwa (ina faɗa da baƙin ciki) ba shi da aibi.

Malam Sambo yana kuka a fili. "Wannan aikin maƙiyi ne. Duk wanda ya yi shi, wallahi sai gaban alƙali!"

Wani daga baya ya ce, "Alƙali ya yi nisa. A ba mu shi nan."

Sai wani dogon Babarbare ya ce shi a ganinsa ba aikin mutum ba ne, domin ɗan Adam ba ya yaɓe babu tabo, wannan sai mutanen ɓoye. Nan take wasu suka fara karanta ayoyin tsari. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan fatawa. Har na buɗe baki na taya su karatu.

Daga cikin soron aka ji wata ƙara, irin ta busasshen reshe in an taka shi. Ɗaya daga cikin mutum biyun ya fito da rarrafe yana cewa azara ɗaya ta tsage.

Na ji an taɓa gwiwar hannuna. Malam Ndagi ne. Babu wasa a fuskarsa, karo na farko tun da na san shi. Ya matso da baki kusa da kunnena ya ce, "Bakatsine, aljanin nan, ranar Alhamis ya dawo ɗaki da jar ƙasa a ƙafa. In bai yi magana yanzu ba, ni zan yi masa."

Ban san yadda na ratsa mutane ba. Na dai ga kaina durƙushe a cikin taɓo a gaban Malam Babba.

"Allah gafarta Malam, ina da magana. Da farko, ni mutumin ƙasar Gozaki ne, kuma a wurinmu rumbu..."

"Bar farko," in ji shi. "Faɗi ƙarshe."

"Ni na toshe."

Mutum ya fi ɗari a cikin lungun da mashigarsa, kowa ya juyo. Masu karatun tsari suka tsaya a tsakiyar aya. Na rufe ido ina jiran hannu na farko ya sauka a ƙeyata.

"Ka san inda suke?"

"Allah gafarta Malam, daga kusurwar gabas kamu uku. Daga nan kowane kamu huɗu."

"Baba, ba shi dagin."

Na auna da hannuna a jikin bango, na kafa tsani, na hau. Na soki wurin. Dagi ya yi tsalle ya dawo, domin makuba ta yi aikinta. Daga ƙasa Baba Magini yana cewa, "Da ƙarfi, ɗan nema! Da kana toshewa ai ba lallashi ka yi ba!" Na soka, na soka, na zaro dutse, na zaro wani. Ina leƙa ramin don in ga ko saura nawa, fuskata dab da shi, sai tafkin da ke sama ya sami hanya.

Abin da ya fito ba ruwa kaɗai ba ne. Akwai taɓo, akwai tsohuwar sheƙar tantabara, akwai kashinsu na shekara guda. Ya doke ni a fuska da ƙirji, ya ɗauke ni daga kan tsani, na sauka da baya a cikin kwata, ƙafafu sama, riga ta rufe mini kai. Babu wanda ya yi dariya. Wannan ya fi ba ni tsoro. Na ji dai muryar Malam Babba, a hankali kamar kullum: "Saura huɗu."

Na tashi na auna kamu huɗu. A na biyu na yi dabara na kauce gefe, ruwan ya bugi katanga ya dawo mini ta baya. A na uku hulata ta tafi, ban sake ganinta ba. A na huɗu dagi ya suɓuce ya kusa sauka a ƙafar Babarbaren nan mai fatawa. Da na fasa na biyar, wanda ya rage a ciki ya leƙo ya ce ɗigar ta ragu, rufi ya daina kuka. Sai a lokacin Malam Ndagi ya dube ni a kan tsani, jar ƙasa tun daga gashi har yatsu, gashin tantabara a gemu, ya ce, "Jama'a, ku matsa, aljani zai sauko." Lungu ya fashe. Har masu rabon gado sai da suka riƙe ciki.

Rufin bai faɗi ba. Amma kada a ce an tsira lafiya lau. Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a fili aka baje abin da ya jiƙe, aka danne da tsakuwa. Yawanci gefe ne kawai ya taɓu. Littafi ɗaya ne ɗigar ta sauka a tsakiyarsa, wani sharhi da kakan Malam Babba ya kwafa da hannunsa. Warƙa, wato fallen takarda, har goma sha tara sun wanke, babu abin da ya rage sai inuwar layi. Na ga Malam Sambo yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana duba su a rana, ko wani harafi zai fito. Wannan ya fi faɗuwa daga tsani ciwo.

Na riga na naɗe buzuna na ɗaure kayana kafin a aiko kirana. Malam Babba yana zaune a ƙarƙashin ceɗiya, Baba Magini a gefe. Na durƙusa nesa.

"Matso. Me ya kai ka?"

Wannan karon ya bar ni na faɗa tun daga farko, da na ɗaya da na biyu har na huɗu. Bai katse ni ba.

"Da ka ga ramukan, me ya hana ka tambaya?"

"Allah gafarta Malam, tsoron dariya. Da kuma son lada a ɓoye."

"Jiya da hantsi fa, da ka gane?"

Na sunkuyar da kai. Wannan ba ta da na ɗaya balle na biyu.

Ya ce, "Toshewar jahilci ce, ana yafe ta. Shirun jiya shi ne ya ci warƙa goma sha tara. Dariya dai ka same ta. Ɓoyewa ba ta yiwu ba. Lada kuwa sai ka jira can." Ya juya ga magini. "Baba, yaya ka ga aikin nasa?"

Baba Magini ya tofar da yawu gefe. "Allah gafarta Malam, tun ina saurayi nake gini, ban taɓa ganin yaɓe mai kyau irin wannan ba. Allah ya sa kuma kada in sake gani."

Hukuncin shi ne ba za a kore ni ba, kuma ba zan tafi gida ba sai an yaye rufin nan an canza azarar da ta tsage an mayar da ƙasa, ni ne mai kwaɓa, ni ne mai ɗauka. Kwana ashirin muka yi, muna aiki muna duban gabas, littattafan suna zauren tafsiri. Shukar farko ta wuce ni a shekarar. Baba Magini ya koya mini sunan kowace kafa da ke jikin gini da abin da take yi, ta iska daban, ta haske daban, ta hayaƙi daban, kowace sai ya nuna ta da sanda ya ce, "Wannan ma a bar ta, Malam Toshe." Sunan ya bi ni. Kafin in iso gida fatake sun riga sun kai shi Dayi, daga can ya ƙarasa da ƙafarsa. Malam Sambo kuwa har na bar birni gaisuwa kawai ke haɗa mu. An aika Kano neman wani kwafin sharhin nan. Ban taɓa jin ko an samu ba, kuma har yau ina jin tsoron tambaya.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ga shi a jere. In ka je wurin da ba naka ba ka ga abin da ya yi kama da sakaci, tambayi masu wurin kafin ka gyara musu. In kuwa ka riga ka gyara, ka faɗa tun rana tana waje, domin dariyar mutum ɗaya a inuwa ta fi sauƙi a kan ta mutum ɗari a cikin ruwa.

Bara na je suna Malumfashi. Muna zaune a zaure na hango rami a gindin bango, hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na daure na kira mai gidan gefe na ce, "Malam, wannan kafar ta mece ce?"

Ya duba ya ce, "Ɓera ne, Baba. Ko za ka toshe mana?"

Na ce a'a, a kira magini.